Kwaɗon da ke cikin kwalba

1. Damina a Zangon Kumasi

Yara, kun taɓa jin labarin Kumasi? Babban birni ne a ƙasar Gana, shi ne cibiyar ƙasar Ashanti. Tun zamanin kakanni, fatake Hausawa suna tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, su nufi Gwanja neman goro. Wurin da ayari ke sauka ya huta, shi ake kira zango. Daga ƙarshen ƙarni na 19, Hausawa da yawa suka zauna a Kumasi, suka gina gidaje, suka hayayyafa. Unguwarsu ita ce Zangon Kumasi. Har yau Hausa ake yi a can, a gida da kasuwa.

Kumasi ƙasar kurmi ce mai yawan ruwan sama. A shekara takan sami kusan milimita 1,400, wato fiye da ninki biyu na abin da Maraɗi ke samu. Damina biyu gare su a shekara: babba da ƙarama. Ƙoramu irin su Subin da Aboabo da Wiwi suna ratsa birnin. In ruwa ya sauka da dare, sai kukan kwaɗi ya cika unguwa har asuba.

Bayan 'yan kwanaki, yara sukan ga wasu ƙananan halittu baƙaƙe masu wutsiya suna yawo cikin ruwan da ya kwanta. 'Ya'yan kwaɗi ne. Sai yaro ya kawo kwalba ya ɗebe su, ya kai gida, ya ce zai yi kiwo. Wani kuma babban kwaɗo zai kama, ya jefa cikin gwangwani. Kwana biyu ko uku, sai a tarar sun mutu.

Yaron nan bai yi nufin mugunta ba, rashin sani ne. A wannan darasi za mu koyi abin da ke sa kwaɗon da aka ajiye rashin lafiya, da yadda za mu gane damuwarsa daga halinsa.

2. Sirrin kwaɗo yana fatarsa

A Hausa muna cewa kwaɗo kawai, amma Faransanci ya raba su gida biyu. Akwai mai fata mai santsi da dogayen ƙafafu, wanda ya fi son ruwa. Akwai mai fata mai kaushi da gajerun ƙafafu, wanda muke gani a bakin randa ko a gindin fitila yana jiran ƙwari. Akwai kuma wasu ƙanana da ke hawan ganyaye, 'yan yatsunsu suna mannewa a jikin duk abin da suka taka.

Dukansu abu ɗaya ya haɗa su: fatarsu siririya ce, ruwa da iska suna ratsa ta.

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki kamar akuya ko kaza. Zama yake yi a kan danshi, fatar cikinsa ta tsotse ruwan. Yana da huhu, amma yana numfashi ta fata kuma. In fatar ta bushe, numfashin nan ya tsaya. Haka kuma jikinsa ba ya riƙe ɗuminsa kamar namu. In wuri ya yi zafi, jikinsa ya yi zafi. In wuri ya yi sanyi, jikinsa ya yi sanyi.

To ku lura da kyau. Duk abin da ke cikin ruwa, ko a hannun wanda ya taɓa shi, yana iya shiga jikin kwaɗo ta fata. Sabulu, gishiri, man shafawa, kananzir, maganin sauro: dukansu guba ne a gare shi. Wanda ya gane wannan, ya gane rabin darasin.

3. Daga ƙwai zuwa kwaɗo

Kwaɗi suna yin ƙwai cikin ruwa. Ƙwan ba shi da ɓawo, wani abu ne mai yauƙi ke lulluɓe shi. Na kwaɗo mai kaushi yakan zo a jere kamar tsakiyar ado a zare.

In ƙwai ya ƙyanƙyashe, sai ɗan kwaɗo ya fito da kai da wutsiya kawai. Yana numfashi cikin ruwa kamar kifi, yana cin gansakuka da ruɓaɓɓen ganye. Daga nan ƙafafun baya su fito, sannan na gaba. Sai wutsiya ta dinga raguwa har ta ɓace. Ba guntulewa take yi ba, jiki ne ke shanye ta a matsayin abinci. Shi ya sa a kwanakin nan ɗan kwaɗo ba ya neman ci. Wasu suna gama wannan canji cikin makonni kaɗan, wasu sai sun yi watanni.

A nan ne yara da yawa ke yin kuskure. Da zarar ƙafafu huɗu sun fito, huhu ya fara aiki, ɗan kwaɗo yana bukatar ya fito ya shaƙi iska. In babu dutse ko ɗan icen da zai hau, zai yi ta iyo har ya gaji, ruwa ya ci shi. Abin mamaki, ɗan ruwa ya nutse a ruwa!

4. Cututtukan kwaɗon da aka ajiye

Lafiyayyen kwaɗo idanunsa garau suke. Yana zaune daram a kan ƙafafunsa, maƙogwaronsa yana motsi. In ka matso, ya yi tsalle. In ka ga akasin haka, akwai dalili, domin ruwa ba ya tsami banza. Ga cututtukan da aka fi gani.

*Bushewa.* Kwaɗon da aka bari a busasshen gwangwani yakan ƙanƙance, fatarsa ta yamutse, idanunsa su faɗa. In an bar kwalbar a rana kuwa, ruwan ya yi zafi, cikin ɗan lokaci ya mutu. Maganinsa inuwa da danshi.

*Gubar ruwa.* Ruwan famfon Kumasi yana fitowa daga madatsun ruwa na Barekese da Owabi. Ana sa masa sinadarin kulorin don a kashe ƙwayoyin cuta. Wannan yana da amfani gare mu, amma yana ƙona fatar kwaɗo, yana kashe 'ya'yansa. Ruwan sama mai tsabta ya fi. In ba a samu ba, a zuba ruwan famfo a buɗaɗɗen bokiti, a bar shi ya kwana biyu kafin a yi aiki da shi.

*Ruɓewar ruwa.* Kashin 'ya'yan kwaɗi da ragowar abinci suna ruɓewa cikin ruwa. Ruwan ya yi duhu, ya yi wari. Sai ka ga duk sun taso sama suna haki. A kududdufi ruwa yana da yawa, ga tsirrai suna tace shi. A kwalba kuwa babu mai tacewa sai kai.

*Jan cinya.* In kwaɗo ya daɗe cikin ƙazamin ruwa ko cunkoso, ƙarfin jikinsa ya ragu, ƙwayoyin cuta su shige shi. Ƙarƙashin cinyoyinsa da cikinsa su yi ja, ya daina ci, ya daina motsi. Cutar tana saurin kisa, tana kuma yaɗuwa. A ware shi daga sauran nan da nan. Maganinta sai likitan dabbobi.

*Kumburi.* Wani lokaci ruwa yana taruwa a ƙarƙashin fata, kwaɗo ya kumbura ya ƙi sacewa. Alama ce ta ciwo a ciki, sau da yawa na ƙoda. Kada a soke shi da allura, kada a matse shi.

*Taushin ƙashi.* Kwaɗon daji yana cin ƙwari iri-iri. Wanda aka ajiye ana ba shi abu ɗaya kullum, jikinsa yakan rasa sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi. Ƙafafunsa su karkace, haɓarsa ta yi laushi, ya kasa tsalle, ya kasa kama abinci.

*Toshewar ciki.* Kwaɗo ba ya tauna, haɗiya yake yi. In an shimfiɗa masa ƙananan tsakuwa, yana iya haɗiye su tare da ƙwaro, su toshe masa hanji.

5. Halin kwaɗo yana magana

Kwaɗo ba zai ce maka "ba ni da lafiya" ba. Halinsa ne bakinsa. Akwai halin da bai kamata ya tayar maka da hankali ba, akwai kuma wanda gargaɗi ne.

Waɗannan ba ciwo ba ne:

In ya ɓuya duk rana, ko ya binne jikinsa cikin ƙasa mai laushi, ɗabi'arsa ce. Da dare yake fita farauta.

In ka ga yana hamma, yana shafa jikinsa da ƙafafu, wata farar fata tana saɓulewa, saɓa yake yi. Yakan cinye tsohuwar fatar.

In ya rufe idanu lokacin da yake haɗiya, idanun ne ke nutsewa ciki, suna taimakawa wajen tura abinci.

In yana kuka da dare, namiji ne ke kiran mace.

Waɗannan kuwa alamun tsoro ne ko wahala:

In ya yi fitsari a hannunka, ko ya cika jikinsa da iska ya yi ƙato, tsoro ya ji. Yana ganin za ka cinye shi ne. Ajiye shi.

In yana ta tsalle yana buga hancinsa a jikin kwalba, hanyar fita yake nema. Bai san gilashi ba. Hancin yakan saɓule, ƙwayoyin cuta su shiga ta ciwon. Wurin ya yi masa kaɗan, ko babu maɓoya.

In ya ƙi cin abinci, duba abin da ka ba shi. Kwaɗo ba ya cin tuwo, ba ya cin burodi ko shinkafa. Abu mai rai mai motsi yake kamawa: gara, shinge, gyare, ƙananan fara, tana. In an ba shi waɗannan ya ƙi, to firgita ce, ko yawan taɓawa, ko ciwo.

In ya zauna a fili da rana tsaka, ƙafafunsa a baje, ka taɓa shi bai motsa ba, ciwon ya yi nisa.

In ka haɗa babba da ƙarami, da safe ka nemi ƙaramin ka rasa, babban ne ya haɗiye shi. Duk abin da ya motsa, ya kuma shiga bakinsa, abinci ne. 'Ya'yan kwaɗi ma sukan cinye juna in yunwa da cunkoso sun matsa musu.

6. Ku kula da lafiyarku ku ma

Wasu suna cewa wanda ya taɓa kwaɗo zai yi ƙuraje irin nasa. Wannan ba gaskiya ba ne. Amma akwai haɗari na gaskiya guda huɗu.

Na ɗaya: kwaɗo mai kaushi yana da wasu ƙulluka biyu a bayan idanunsa, masu fitar da farin ruwa mai guba. In ya shiga ido ko baki, yana da zafi ƙwarai.

Na biyu: kwaɗi suna iya ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira salmonela, mai sa zawo da zazzaɓi. A Amurka, tsakanin 2009 da 2011, fiye da mutum 200 suka kamu da ita daga ƙananan kwaɗin da ake kiwo a gida, yawancinsu yara. Saboda haka a wanke hannu da ruwa zalla kafin a taɓa kwaɗo, a wanke da sabulu bayan an taɓa shi. Kada a ajiye shi kusa da abinci, kada a wanke mazubinsa a wurin wanke-wanke.

Na uku: ruwan kududdufi da na kwata suna ɗauke da cututtuka. A wasu tafkuna da ƙoramu ana kamuwa da tsargiya, mai sa fitsarin jini. Kada ku shiga ruwa. Ku tsaya a baki ku ɗiba da ludayi, kuma ku je tare da babba.

Na huɗu: sauro yana yin ƙwai a ruwan da ke ajiye. A rufe bakin mazubin da guntun gidan sauro, iska ta shiga, sauro bai shiga ba.

7. Cutar da ta zaga duniya

Akwai wani irin funfuna da ido ba ya gani, mai kama fatar kwaɗo. Fatar ta yi kauri, ta daina aikinta, daga ƙarshe zuciyar kwaɗo ta tsaya. Masana sun ba shi suna a 1999, ana kiransa kitirid. Wani babban bincike da aka buga a 2019 ya nuna cewa ya rage yawan iri kusan 500 na kwaɗi da danginsu, kuma ana zaton iri 90 sun ƙare ƙaf. Ɓarnar ta fi yawa a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu da Ostareliya.

Yaya cutar ta haye teku? Mutane ne suka taimaka mata, ta hanyar cinikin kwaɗi daga wannan ƙasa zuwa waccan, don kiwo ko ci ko bincike.

A 2013 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasashe 7 na Afirka ta Yamma, har da Gana. Ba a sami funfunan nan a jikin kwaɗin da aka gwada ba. Wannan abin murna ne, kuma abin kiyayewa. Rigakafi ya fi magani. Kada a saki kwaɗon da aka kawo daga wata ƙasa cikin ruwanmu. Kada a ɗauki kwaɗo daga wannan gari a sake shi a wancan.

8. Masu kula da kwaɗi a Gana

Me ya sa za mu damu da kwaɗo? Yana cin ƙwarin da ke ɓata amfanin gona. Shi kuma abinci ne ga tsuntsaye da kifi da macizai. Ban da haka, da yake fatarsa tana tsotsar abin da ke cikin ruwa, yana cikin waɗanda ke fara jin jiki in ruwa ya gurɓace. In kukan kwaɗi ya ɗauke a ƙoramar da a da take cike da su, mutanen unguwa su binciki ruwansu. A 2023 masana suka bayyana cewa kusan kashi 41 cikin 100 na ire-iren kwaɗi da danginsu a duniya suna cikin haɗarin ƙarewa.

A Gana akwai waɗanda suka ba da rayuwarsu ga wannan aiki. A 2011 Gilbert Adum ya kasance cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Save the Frogs! Ghana, kuma ɗaliban jami'ar Kwame Nkrumah ta Kumasi sun shiga aikinta. Ya yi ƙoƙarin kare wani kwaɗo mai wuyar gani da ke kurmin kogin Sui, a yammacin ƙasar. A 2016 aka ba shi lambar yabo ta Whitley a Landan. Caleb Ofori-Boateng ya sami irin wannan lamba a 2019. Shi da mutanen ƙauyukan yankin Volta suka keɓe wani daji mai suna Onepone a 2018, don kare wani kwaɗo mai santsi da ke zaune a ƙoramun duwatsu. A 2021 kuma aka bayyana wa duniya wani sabon irin kwaɗo daga kurmin Atewa.

Abokan gaban kwaɗin Gana su ne saran itatuwa, ƙone daji, maganin feshi, shara a ƙoramu, da haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, wadda ake kira galamse. Duk abin nan da ke kashe kwaɗo, yana ɓata ruwan da mutane ke sha.

9. In za ku ajiye don koyo

Kallon yadda ɗan kwaɗo ke canzawa babban darasi ne. In malam ya yarda, ga yadda za ku yi a aji:

1. Ku sami roba mai faɗi wadda ba a taɓa sa mata sabulu ko magani ba.
2. Ku ɗebi 'ya'yan kwaɗi kaɗan, kamar biyar, tare da ruwan wurin da ɗan gansakuka. Kowane ɗaya ya sami aƙalla lita ɗaya ta ruwa.
3. Ku ajiye a inuwa, nesa da hayaƙin maganin sauro.
4. Ku ba su ɗan guntun dafaffen ganyen latas, ba gishiri, ba mai. Abin da ya rage ku cire.
5. Bayan kwana biyu ko uku, ku rage sulusin ruwan, ku cika da ruwan sama.
6. Ku sa dutse wanda kansa ya fito saman ruwa.
7. Da wutsiya ta ɓace, ku mayar da su daidai wurin da kuka ɗebo su, da yamma.

Wanda ya nuna alamar ciwo, kada ku haɗa shi da sauran. Ku nuna wa malam. In ya mutu, ku binne shi, ku wanke hannu.

Babban kwaɗo kuwa, ku bar shi inda yake. Ku zauna shiru da dare kusa da fitila, ku ga yadda yake harba harshe ya kama ƙwaro. Za ku fi koyo a nan fiye da cikin gwangwani. Kwaɗo baƙo ne a hannunmu, kuma baƙo, kome daɗin masauki, gidansa yake so. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Abin tunawa

Kwaɗo yana sha da fata, yana numfashi da fata. Ruwa mai tsabta, inuwa, abinci mai rai da maɓoya, su ne lafiyarsa. Halinsa yana nuna damuwarsa. A wanke hannu kafin a taɓa shi da bayan an taɓa shi.

Kalmomi

kwaɗo mai santsi: la grenouille
kwaɗo mai kaushi: le crapaud
ɗan kwaɗo mai wutsiya: le têtard
fata: la peau
huhu: le poumon
kududdufi: la mare
gansakuka: les algues
saɓa: la mue
tsargiya: la bilharziose

Tambayoyi

1. Me ya kai Hausawa Kumasi?
2. Yaya kwaɗo yake shan ruwa?
3. Don me ruwan famfo yake cutar da 'ya'yan kwaɗi? Me za a yi masa?
4. Kawo alamu uku na kwaɗo marar lafiya.
5. Me ya sa kwaɗo yake buga hancinsa a jikin kwalba?
6. Don me ake sa dutse cikin robar 'ya'yan kwaɗi?
7. Me ya sa ba a sakin kwaɗon wata ƙasa cikin ruwanmu?

Aiki

Ku zana matakai huɗu na rayuwar kwaɗo a littafinku: ƙwai, ɗan kwaɗo mai wutsiya, mai wutsiya da ƙafafu, da cikakken kwaɗo. Ku rubuta sunan kowane mataki da Hausa da Faransanci. Ku tambayi kakanninku ko kukan kwaɗi a unguwarku ya ƙaru ko ya ragu tun suna yara, ku kawo amsar aji.